Dutsen Zagami da Gidauniyar da Ba a Kafa Ba

Wata Asabar a daminar da ta wuce, maƙwabcina ya ja ni zuwa taron ƙaddamar da asusun gina ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na wata makarantar kuɗi a nan Kamazou. Duk wanda ya taɓa halartar irin wannan taro ya san yadda yake tafiya. Uban taro ya makara, babban mai ƙaddamarwa ya aiko wakili, mai gabatarwa kuma yana jan sunan duk wanda ya yi alƙawari kamar maroƙi a ƙofar fada. Aka tara abin da aka tara, aka yi tafi, aka raba shinkafa a robobi. Abin da ya tsaya mini a rai yana can gefen rumfa, kan teburin malamar kimiyya: wani kwalin taliya ne cike da duwatsun da ɗalibai suka tsinto a bakin kogi da ramukan haƙar marmara, kowanne an manna masa 'yar takarda da sunansa. Na tambaye ta inda take kai yara su ga irin waɗannan a tsare. Ta ce a waya take nuna musu.

Daga rumfar nan zuwa inda aka taɓa ajiye ɗaya daga cikin duwatsun da suka fi shahara a ilimin sararin samaniya bai kai tafiyar rabin awa a mota ba, kuma ba sai an haye kogi ba.

Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi yana korar hankaki a gonarsa kusa da Zagami, a yankin Faskari na lardin Katsina, sai ya ji wata ƙara mai firgitarwa, iska ta buge shi, wani abu ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye ya nutse cikin ƙasa. Da aka tono shi sai aka ga dutse ne mai baƙar fata kamar an babbake shi, nauyinsa kimanin kilo 18. Kada mai karatu ya haɗa shi da abin da muke kira gatarin aradu; wancan aikin hannun mutanen dā ne, gatari ne na dutse da ruwan sama ke tonowa. Wannan kuwa daga sama ya zo da gaske. Hukuma ta aika da shi ofishin binciken ƙasa da ma'adinai da ke Kaduna, aka sa shi a ɗakin ajiyar duwatsu na ofishin.

A lokacin ba wanda ya san ainihin asalinsa. An dai gane cewa ɗan gidan wani dutse ne da ya faɗo a Shergotty ta Indiya a 1865, kuma irinsu ba su da yawa. Sai a 1976 kumbunan Viking na Amurka suka sauka a duniyar Mars suka auna iskarta. A 1983 masana suka tarar da iska irin wannan sak a kulle cikin wani dutse da aka tsinto a ƙanƙarar Antatika, a 1995 kuma aka sami irinta cikin dutsen Zagami kansa. Ma'ana, abin da ya kusa hallaka manomin Faskari ɓallin duniyar Mars ne. Ya daskare daga narkakken dutse kimanin shekara miliyan 180 da suka shige, wani karo mai ƙarfi ya cillo shi sarari, ya yi ta yawo na kusan shekara miliyan 3 kafin ya faɗo gonar. Shekaru da dama babu wani dutsen Mars guda ɗaya a hannun ɗan Adam da ya kai shi girma.

Kafin a kai ga tabbatar da wannan duka, dutsen ya riga ya fara barin gida. A ƙarshen shekarun 1980 wani Ba'amurke dillalin irin waɗannan duwatsu, Robert Haag, ya sami babban kaso daga cikinsa. Daga nan aka yi ta yanka shi sala-sala, ana sayarwa da awon giram kamar zinariya. Yau akwai Zagami a jami'o'i da gidajen ajiya na Amurka da Turai da Japan, akwai shi a aljihun teburin masu sha'awa. Har wani ɗan mitsitsi daga cikinsa aka liƙa a jikin wata na'ura ta kumbon Mars Global Surveyor da aka harba a 1996, ya koma yana kewaya duniyar da ya fito. Ɗan Faskari bai taɓa ganinsa ba, ɗan Kamazou ma haka.

Abu ne mai sauƙi a tsaya nan a zagi dillali, ko a zargi wani ma'aikaci. Ni ban ga amfanin hakan ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar ta girmi duk waɗanda abin ya faru a hannunsu.

Ɗakin ajiya da ba shi da jama'a

An kafa ofishin binciken ƙasa na Nijeriya a 1919, ƙarƙashin John Falconer, wanda tun kafin nan ya zagaye Arewa a kan doki yana duban ma'adinai, ya kuma wallafa littafi kan duwatsun ƙasar a 1911. Daga baya ofishin ya zauna a Kaduna ta kudu, wajen tashar jirgin ƙasa ta Kaduna Junction. Aikinsa a fili yake: ina kuza, ina kwal, ina zinariya, ina za a haƙa rijiya a sami ruwa. Duwatsun da aka jera a ɗakinsa kayan aiki ne, kamar yadda maƙeri ke rataye awartaki da guduma. Jami'i ya dawo daga daji, ya kwatanta abin da ya samo da abin da ke cikin durowa, ya rubuta rahoto. Ba a gina ɗakin don ɗan makaranta ba, ba a kuma taɓa roƙon attajirin Kano ko ma'aikacin masaƙar Kakuri ko sisi don kula da shi ba. Kuɗinsa daga kasafin gwamnati yake zuwa, mutanen da suka san darajarsa kuma ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

Haka labarin yake a kusan duk wani tarin halittu da aka yi a Arewa. Likita John Dalziel ya tattara tsirrai da sunayensu na Hausa, ya fitar da ƙamus ɗin sunayen a 1916. Busassun ganyayen da ya tara suna Birtaniya. A Samaru ta Zariya, cibiyar binciken aikin gona ta tara ƙwari masu ɗimbin yawa, kowanne a soke da allura da sunansa, domin a gane maƙiyin auduga da gyaɗa da dawa. Har gobe ɗaliban jami'a daga sassan ƙasar nan can suke kai ƙwaro a faɗa musu sunansa, amma mutum nawa ne a Zariya suka san da ɗakin?

Na Sakkwato ya fi ba ni takaici. Ƙasar da ke tsakanin Wurno da Goronyo da Gada gindin teku ce a wani zamani, kimanin shekara miliyan 70 baya, kuma ƙasusuwan halittun tekun suna nan cikin duwatsunta. A 1930 William Swinton na gidan tarihin halittu na Landan ya yi bayanin wasu daga cikinsu a mujallar ofishin binciken ƙasa na Nijeriya. Wajen 1970 masana daga Florence ta Italiya suka zo suka haƙo ƙarin ƙasusuwa, har da ƙoƙon kai, na wani ƙaton ƙadangaren teku mai dogon baki, suka raɗa masa suna Goronyosaurus a 1972, wato ƙadangaren Goronyo. Sunan garin ya shiga littattafan duniya, ƙasusuwan kuma suka tafi Florence. A 1975 Beverly Halstead, wanda ya koyar a Jami'ar Ife, ya raɗa wa wani kada na wancan zamani Sokotosuchus. Na tabbata a cikin masu karanta wannan akwai 'yan Goronyo da suka yi digiri biyu ba su taɓa jin labarin ba.

Kayan tarihi na hannun ɗan Adam sun fi sa'a, domin sun sami masu tsaya musu. Kenneth Murray ya fara aikin kula da su a 1943, Bernard Fagg ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952 saboda gumakan Nok da masu haƙar kuza ke tonowa, aka yi doka a 1953, aka buɗe na Legas a 1957, aka kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa a 1979. Na Kaduna, wanda ke kan titin Ali Akilu, an buɗe shi a 1975 cikin tsohon ginin jam'iyyar NPC. Sai dai hankalin dokokin nan duka yana kan abin da mutum ya ƙera ko ya bari. Dutsen da ya faɗo daga sama da ƙashin halittar da ta mutu tun babu mutum a duniya sun faɗa tsakanin ma'aikatu. Harshenmu ma ya nuna haka. In ka ce “gidan tarihi”, abin da Bahaushe ke hangowa shi ne sulke da takobi da tsohuwar alkyabba. Ba mu da gajeren suna ga gidan da ake ajiye dutse da ƙwaro da ƙashi da ganye domin a karanta su.

Abin da liyafar ke saye

A ƙasashen da irin waɗannan gidaje suka yi ƙarfi, mafi yawansu da roƙo suka tashi. Lokacin da likita Hans Sloane ya rasu a 1753 ya bar tarin abubuwa kimanin 71,000, da yawansu tsirrai da ƙwari da duwatsu, ya ce a sayar wa ƙasa a kan fam 20,000. Majalisar Ingila ba ta ciro kuɗin daga baitulmali ba. Caca ta shirya, jama'a suka sayi tikiti, da ribar aka kafa gidan tarihi na Birtaniya, wanda sashen halittunsa ya koma nasa ginin a 1881. Na New York, attajirai ne irin su J. P. Morgan suka haɗu suka kafa shi a 1869. Na Shikago ya tsaya da ƙafarsa ne da dala miliyan 1 da ɗan kasuwa Marshall Field ya bayar a 1893, shi ya sa yake ɗauke da sunansa.

Ba na cikin masu yi wa kuɗin nan kallon tsarkakakke. Wani ɓangare na dukiyar Sloane daga gonakin rake na Jamaika ya fito, inda bayi 'yan Afirka ke aiki. A zamaninmu ma an sha jayayya a Amurka kan attajirin man fetur David Koch, wanda sunansa ke kan zaurukan dainaso a New York da Washington alhali an san shi da tallafa wa masu musun sauyin yanayi. Mai ba da kuɗi yakan so a ga hannunsa, wani lokaci har ya so a ji bakinsa.

Amma a duba abin da ya faru ranar 4 ga Oktoba, 1997. Kamfanin gwanjo na Sotheby's a New York ya fito da ƙasusuwan wata dainaso mai cin nama da aka tono a jihar Dakota ta Kudu a 1990, wadda ake kira Sue, kuma a lokacin babu irinta da ta kai ta cika. Masana suka tsorata cewa wani mai kuɗi zai saye ta ya kulle a gidansa. Gidan tarihin Field ba shi da kuɗin a aljihu, amma yana da jerin mutanen da zai iya kira. Ya kira McDonald's, ya kira Disney, ya kira wasu ɗaiɗaikun masu bayarwa, ya saye ta a kan dala miliyan 8.36. Tun shekarar 2000 tana tsaye a Shikago, kowane ɗan makaranta na iya zuwa ya ƙirga haƙoranta.

Jerin nan na waɗanda za a iya kira shi ne ainihin abin da liyafar shekara-shekara ke samarwa. Mu da muke ganin hotunan daga nesa, maza da baƙaƙen kwat suna cin abinci ƙarƙashin ƙasusuwan dabba, mukan ɗauka almubazzaranci ne kawai, kuma akwai almubazzarancin a ciki. Sai dai bayan an kwashe faranti akwai ofis da ke aiki duk shekara. Akwai mai rubuta wa kowane mai bayarwa takardar godiya da rasit, akwai mai bin alƙawari har ya zama kuɗi a banki, akwai amintattu da ke zama su duba lissafi, akwai rahoton da ake bugawa kowa ya gani. Wani kaso na kuɗin ba a taɓa shi. Ana juya shi ne, ribarsa ke biyan albashin mai kula da tarin da kuɗin wuta da maganin ƙwari. Wanda ya sayi kujera bana za a sake nemansa baɗi. Bayan shekara goma ya fara cewa “gidanmu”, kuma ranar da aka ce za a fitar da wani abu daga cikinsa, shi ne zai fara ɗaga waya. Dutsen Zagami bai da ko mutum ɗaya irin wannan a wajen ofishin da ke riƙe da shi.

Mu ma mun iya tarawa

Kada a ce rowa ce ta hana mu. Kalmar gidauniya kanta daga babbar ƙwarya ta samo asali, wadda ake ajewa a tsakiya kowa ya zuba nasa. Muna da gayya, muna da gudummawar biki wadda uwar biki ke riƙe lissafinta a ka ba ta mantawa, muna da adashi. A nan kudancin Kaduna duk ƙarshen shekara majami'u na yin bikin godiyar girbi, inda za ka ga an yi gwanjon doya ɗaya a kan kuɗin buhu. Masallatai da makarantun Islamiyya kuma da taron jama'a aka gina mafi yawansu. A lokacin yaƙin duniya na biyu an tara kuɗi a lardunan Nijeriya don sayen jiragen yaƙi, har rundunar sama ta Birtaniya ta sa wa ayarinta na 91 sunan Nijeriya. A shekarun 1980 aka shiga yayin gidauniyoyin jihohi, ta Kano na cikin waɗanda suka fi suna. A 2005 an tara biliyoyin naira a yini ɗaya a Abeokuta don ɗakin karatu na Shugaba Obasanjo, gwamnonin Arewa kuma suka kafa gidauniyar tunawa da Sardauna a nan Kaduna a 2009.

Abin da na lura da shi, a matsayina na wanda aikin jarida ya kai shi irin waɗannan tarurruka fiye da yadda yake so, shi ne tarawarmu ta yini ɗaya ce, kuma gini take so. Muna son abin da za a aza wa harsashi, a yanke masa ƙyalle, a manna allo da sunan mai bayarwa. Gidan ajiyar halittu kuwa ginin ne mafi arha a cikin buƙatunsa. Abin da ke cin kuɗi shi ne abin da ba a iya ɗaukar hotonsa: durowa mai rufuwa ruf, kafur da sauran magungunan da ke hana ƙwari cin ƙwarin da aka ajiye, barasar gwaji da ake ƙarawa a kwalaben macizai da kifaye duk sanda ta ƙafe, littafin rajista, da mutum ɗaya da zai yi shekara talatin a wurin har ya san kowane dutse kamar 'ya'yansa. Ba a ƙaddamar da albashi. Ban taɓa jin mai gabatarwa ya sanar da cewa Alhaji wane ya ɗauki nauyin kafur na shekara goma ba.

Abin mamaki, tsarin da ya dace da wannan buƙata muna da shi a littattafanmu na fiƙihu. Wakafi ke nan: a tsare asalin dukiya, a ciyar da amfaninta har abada. Da shi aka riƙe makarantu da asibitoci da ɗakunan karatu a Alƙahira da Fas da Istanbul ɗaruruwan shekaru. A wurinmu wakafi ya fi tsayawa kan masallaci da maƙabarta da rijiya, kuma ba laifi ba ne. Tunanin cewa shago biyu a kasuwa za su iya riƙe ɗakin duwatsu shi ne bai zo ba tukuna.

Inda aka gwada wani abu mai kama da tsarin ƙetare a Nijeriya, daga Legas ya taso. A 1980 Cif S. L. Edu da abokansa suka kafa gidauniyar kare halittu ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NCF. Tana da mambobi masu biyan kuɗin shekara, tana da kamfanoni masu tallafi, tana shirya laccar tunawa da wanda ya kafa ta da liyafar tara kuɗi a Legas. Da tallafin kamfanin Chevron ta kafa gandun Lekki a 1990, mai faɗin hekta 78, wanda yau gine-gine suka kewaye shi ta ko'ina amma yana nan. Hannunta ya iso Arewa ma, domin tana cikin waɗanda suka fara aikin kare fadamun Haɗeja da Nguru a 1987. Ita ba gidan ajiya take riƙewa ba, daji da tsuntsaye take karewa, amma ta nuna cewa ana iya tara 'yan Nijeriya shekara bayan shekara a kan abin da ba masallaci ba, ba coci ba, ba siyasa ba.

Gidan tarihin halittu na Jami'ar Ife kuwa an kafa shi a 1971, ya yi kusan shekara 40 yana raɓe a ginin wasu, sai da gidauniyar Leventis ta gina masa nasa. Wannan iyali dai, ta hannun A. P. Leventis, su suka kafa cibiyar binciken tsuntsaye a dajin Amurum kusa da Jos a farkon shekarun 2000, tare da Jami'ar Jos da mutanen Laminga, kuma ta yaye masana da dama daga ƙasashen Afirka ta Yamma. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Amma duk wanda ya lura zai ga suna ɗaya ne ke ta maimaituwa, na iyalin da asalinsu daga tsibirin Kuburus yake. A yankin da ya fitar da wasu daga cikin mafiya arzikin Afirka, wannan abin a yi shiru a sunkuyar da kai ne.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu ta wata fuska. Gidan tarihinsu na Yamai, wanda aka buɗe a 1959 kuma yanzu yake ɗauke da sunan Boubou Hama, tun farko an haɗa shi da gidan namun daji da rumfunan masu sana'ar hannu, don haka talaka na shigarsa, ranar Sallah ma sai an yi layi. A ciki akwai kututturen bishiyar Tenere, wadda mota ta kaɓe a 1973, akwai kuma rumfar dainaso. Hamadar Agadas na cikin wuraren da suka fi ko'ina arzikin irin waɗannan ƙasusuwa a Afirka. Bafaranshe Philippe Taquet ya yi aiki a Gadoufaoua tun shekarun 1960, Ba'amurke Paul Sereno ya biyo baya daga shekarun 1990, kuma daga can aka san ƙaton kadan nan Sarcosuchus da dainaso irin su Jobaria da Nigersaurus. Sereno ya kafa gidauniya mai suna NigerHeritage da niyyar gina sababbin gidaje biyu, ɗaya a Yamai ɗaya a Agadas, domin ƙasusuwan da aka kai Shikago bincike su sami inda za su dawo. Ko a nan ma, ƙwaryar tana hannun baƙo.

Wanda ke ganin gwamnati kaɗai ta isa, ya tuna da Burazil. Gidan tarihinsu na ƙasa da ke Rio, wanda ke ƙarƙashin jami'ar gwamnatin tarayya, ya cika shekara 200 a 2018 da tarin abubuwa kimanin miliyan 20. An yi shekaru ana rage masa kasafi. Gara ta cinye dandamalin da babbar dainaso ɗinsu ke tsaye a kai har aka rufe zauren, sai ƙungiyar abokan gidan ta koma roƙo a intanet don a gyara. Jama'a suka bayar, aka gyara. Daren 2 ga Satumba na shekarar wuta ta tashi, ginin ba shi da na'urorin yayyafa ruwa, famfunan kashe gobara na kusa kuma ba ruwa. Mafi yawan tarin ya ƙone, har da miliyoyin ƙwari da aka yi fiye da ƙarni ana tarawa. Da gari ya waye, abin da aka gani tsaye a bakin ƙofa cikin toka shi ne Bendegó, wani dutsen ƙarfe mai nauyin fiye da tan 5 da ya faɗo daga sama. Roƙon rana ɗaya ya gyara zaure, bai sayi bututun ruwa ba.

Arewa ba ta daina karɓar baƙi daga sama ba bayan Zagami. Wani ya faɗo a Kabo ta Kano a 1971, wani a Mayo Belwa ta Adamawa a 1974, wani a Gujba ta Yobe a 1984, kuma biyun ƙarshen nan suna cikin nau'o'in da masana ke rububi saboda ƙarancinsu. Duk wanda ya buɗe shafukan dillalai a intanet zai ga ana tallar yankan Gujba da dala.

A watan Nuwamban 2023 wani mai farautar irin waɗannan duwatsu ya tsinci ɗaya a hamadar Agadas, nauyinsa ya kusa kilo 25. Gwaji ya nuna ɗan Mars ne, dangin Zagami, kuma shi ne ya zama mafi girma da aka taɓa samu. Aka sa masa lamba NWA 16788. Ya bi ta hannun dillalai ya isa Italiya, aka nuna shi a can, sannan ya haye zuwa New York. Ranar 16 ga Yuli, 2025, a kamfanin gwanjon nan da gidan tarihin Field ya ceci Sue shekara 28 kafin nan, aka buga masa guduma. Da kuɗin dillanci ya tashi a kan dala miliyan 5.3, mai sayen kuma ya ɓoye sunansa. Gwamnatin Nijar ta ce za ta binciki yadda ya fita, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu daga ƙasar. Sotheby's ya ce an bi ƙa'ida a kowane mataki. Sereno na cikin waɗanda suka fito fili suka ce a mayar wa Nijar abinta.

Kafin a kai shi gwanjo an yanki sala biyu daga jikinsa don bincike. Suna Jami'ar Florence, garin da ƙoƙon kan ƙadangaren Goronyo ya yi fiye da shekara 50 yana ajiye.